Darasi na Sha Ɗaya: Da Kano da Zazzau Sun Zama Ƙasa Ɗaya

Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar bakin iyaka ce. Wanda ya hau mota a Tashar Yari ya nufi arewa ba zai daɗe ba zai ga kansa a Kwanar Dangora, cikin Jihar Kano. Mutumin Hunkuyi kuwa, in ya bi hanyar Danja, ya shiga ƙasar Katsina ke nan. A yau kwandon tumatir na Ikara da damin rake na Makarfi suna isa kasuwar Kano babu mai cewa sun fito daga ƙasar wani sarki. Amma kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a wannan yanki ne ikon Sarkin Zazzau yake ƙarewa na Sarkin Kano ya fara, ko da yake iyakar takan matsa gaba ko ta ja baya gwargwadon ƙarfin sarkin zamani. Ƙasashe ne biyu masu cin gashin kansu, kowace da tamburanta da rundunarta, kuma sun sha gwabzawa.

Tambayar wannan darasi ita ce: ƙasashe biyun nan da suke bukatar juna, me ya hana su zama ɗaya? Da sun zama ɗaya, wa zai ci riba, wa zai yi asara?

Wani daga cikinku zai ce, malam, abin da Allah bai ƙaddara ba mene ne amfanin tattauna shi? Gaskiya ne ba a jayayya da ƙaddara, kuma ba nadama muka zo yi ba. Sai dai wanda ya auna abin da ya faru da abin da ya kusa faruwa ya fi gane dalilin da ya sa al'amura suka bi hanyar da suka bi. Za mu fara da wata ƙasa mai nisa inda aka taɓa gwada irin wannan haɗin da gaske, har aka yi rantsuwa a kansa, sannan mu dawo gida.

Sarkin Rum da yaron Hangari

Kun san Rumawa. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da sunansu, kuma kun ji labarin wasiƙar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa sarkinsu Hiraƙla. Daularsu ce Turawa suke kira Bizantiya, babban birninta Kustantiniyya, wato Istanbul ta ƙasar Turkiyya a yau.

Daga 1143 zuwa 1180 sarkin Rum shi ne Manuwel na gidan Komnenos. Ya gaji ƙasa mai arziki amma maƙiya sun kewaye ta. A gabas akwai Turkawan Saljuk, waɗanda tun bayan yaƙin Manzikat na 1071 suka mamaye yawancin Anatoliya, inda a da daular take samun mayaƙa da hatsi. A yamma akwai sarakunan Sisili masu jiragen ruwa. A arewa, ƙetaren kogin Danub, akwai masarautar Hangari, ƙasar mahaya dawaki, mai gishiri da azurfa. Hangari ba baƙuwa ba ce ga Manuwel, domin mahaifiyarsa 'yar sarkin Hangari ce, Ladislas na ɗaya. Duk da haka ƙasashen biyu sun yi ta faɗa a kan garuruwan bakin kogi da kuma gaɓar tekun Dalmatiya.

A 1163 Manuwel ba shi da ɗa namiji, sai 'ya mace mai suna Mariya. Sai ya yi sulhu da Sarkin Hangari Istifanus na uku, aka ba shi ƙanen sarkin, Bela, yaro ɗan wajen shekara 15, aka tafi da shi Kustantiniyya. Aka sake masa suna Aleksiyos, aka yi masa baiko da Mariya, aka ba shi sarautar da ke bin ta sarki a daraja. A 1165 Manuwel ya tara manyan fada ya sa suka rantse cewa bayan ransa Mariya da Bela za su bi. Ku tsaya ku dubi zauren nan da kyau. Ga dattawan da kakanninsu suka yi wa daular hidima, ga 'yan uwan sarki na jini waɗanda kowannensu yake ganin ya cancanta, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya su yi mubaya'a ga yaron da shekara biyu da suka wuce bai san harshensu ba. Ɗan baffan sarki, Andaronikos, ya fito fili ya ƙi. Hujjarsa biyu ce: sarki ya sake aure, yana iya samun ɗa namiji, sa'annan cin fuska ne ga Rumawa a tsallake su duka a ɗauko baƙo.

Masana tarihi sun saɓa a kan ko Manuwel ya yi nufin haɗa ƙasashen biyu ne da gaske, ko kuwa ya riƙe yaron ne don ya sami hujjar karɓe yankunan da aka ware wa Bela a matsayin gadonsa. Ko ma wanne ne, ƙofar ta buɗe: in Istifanus ya mutu babu magaji, mutum ɗaya zai iya riƙe sarautar Rum da ta Hangari. Baikon bai hana yaƙi ba, domin a 1167 rundunar Rum ta karya ta Hangari a kusa da Sirmiyum.

Sai a 1169 matar Manuwel ta biyu ta haifi namiji. Nan take lissafi ya canza. Aka warware baikon, aka rage wa Bela daraja, aka aura masa 'yar uwar matar sarki. Da Istifanus ya mutu a 1172, Bela ya koma gida bayan ya yi wa Manuwel alkawarin ba zai yi gaba da shi ba. Ko a gidan ma bai sami sauƙi ba. Babban limamin cocin Estargom, wanda shi ne al'ada ta ba shi ɗora wa sarki kambi, ya ƙi, sai da Paparoma ya ba limamin Kaloca izini aka naɗa Bela a farkon 1173.

Bela ya cika alkawari muddin Manuwel yana raye, har ya aika masa da mayaƙa a 1176, shekarar da Turkawa suka karya Rumawa a Miriyokefalon. Amma Manuwel na mutuwa a 1180, Bela ya ƙwace Dalmatiya. Andaronikos ɗin nan da ya ƙi rantsuwa shi ya hau gadon Rum a 1183, ya kuma sa aka kashe yaron da Manuwel ya bari. A 1204 'yan yaƙin gicciye da mutanen Benis suka fasa Kustantiniyya suka washe ta, shekara biyu bayan sun ƙwace birnin Zara daga hannun Hangari. Daga baya Turkawan Usmaniyya suka ci Kustantiniyya a 1453, suka karya Hangari a Mohac a 1526. Ɗaya bayan ɗaya aka ci su.

Wanda ya dubi taswira kawai zai ce haɗin nan alheri ne zalla. Manuwel zai huta da tsaron arewa, ya juya da dukkan ƙarfinsa gabas, ga mahayan Hangari a bayansa. Sabiyawa da Bulgariyawa, waɗanda suka ɓalle daga Rum jim kaɗan bayan mutuwarsa, za su sami kansu a tsakiya, sarki ɗaya a kudu da arewa. Benis ba za ta sami yadda take so a tekun ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni a ganina haɗin ba zai wuce rayuwar mutum ɗaya ba. Hangari tana bin Paparoma, Rum kuwa tun rabuwar 1054 cocinta daban. Sarki ɗaya ba zai yi ibada a ɓangare biyu ba, kuma duk wanda ya bari zai kira shi ɗan bidi'a. Tsakanin fadar Hangari da Kustantiniyya ya fi kilomita 1000, tafiyar makonni a kan doki. Sarkin Jamus na lokacin, Firedirik Barbarosa, ba zai naɗe hannu ya ga Rum ta iso ƙofar gidansa ba. Mafi girma duka, manyan ƙasashen biyu ba su so. Mun ga Andaronikos a wannan ɓangare, mun ga limamin Estargom a wancan.

Ku da kuka san noman gandu kun san wannan. Muddin maigida yana raye, 'ya'ya da ƙanne suna shiga gona ɗaya, hatsi na shiga rumbu ɗaya, kowa ya san haɗin ya fi amfani, shanun huɗa ɗaya sun ishi kowa. Ranar da aka zo maganar wa zai riƙe makullin rumbu bayan tsoho, ranar ake fara auna gona da igiya, ko da kowa ya san rabuwar hasara ce.

Mu dawo gida

Labarin Hausa Bakwai ya ba kowace ƙasa aikinta: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Ko ba a ɗauki labarin a matsayin tarihi tsantsa ba, ya nuna yadda mutanen da suke ganin ƙasashen nan suna cika juna. Kano tana da masaƙa da marina da babbar kasuwa, kuma ta fi kusa da hanyoyin hamada, inda dawaki da gishiri da kanwa suke shigowa. Zazzau tana da damina mai tsawo, da auduga, da ƙarfe, kuma ita ce ƙofar kudu, hanyar Nufe da kwarin Binuwai. Doki ba ya daɗewa a kudu saboda ƙudan tsando, don haka Sarkin Zazzau kullum yana bukatar sabbin dawaki daga arewa. Masaƙan Kano kuma suna bukatar auduga, marina suna jiran abin da masaƙa suka fitar.

Duk da haka, littafin Tarihin Kano, wanda ya jera sarakunan birnin da abin da ya auku a zamaninsu, yaƙi ya fi ambata tsakanin ƙasashen biyu. Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi aka ce ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ya kai wa Zazzau yaƙi aka kore shi, ya sake shiri ya koma, ya kashe Sarkin Zazzau. Littafin ya sa Sarauniyar Zazzau Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce Kwararrafa da Nufe sun biya ta gandu, har Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuwa sun sa ta a ƙarni na 16, bayan Bakwa Turunku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa ikonta ya kai har Kano da Katsina. In haka ne, an taɓa samun wani irin haɗi, amma na takobi ne, bai wuce zamaninta ba. Sarkin Kano Abdullahi ɗan Muhammadu Rumfa, 1499 zuwa 1509, shi ma ya kai wa Zazzau yaƙi.

Kowane ɗaya daga yaƙe-yaƙen nan, ko daga arewa ya taso ko daga kudu, sai ya ratsa ƙasa irin tamu kafin ya isa birnin da ya nufa. Rundunar da ke tafe ba ta ɗauko abincinta duka daga gida. Rumbun talakan kan hanya shi ne guzurinta, karan gonarsa shi ne harawar dawakinta, matasan garin su ne 'yan dakonta. Wannan ne ya sa tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa suka kewaye kansu da ganuwa da gwalalo, kuma har yau a wasu garuruwan yankinmu in ka tambayi dattawa za su nuna maka inda ganuwa ta bi da inda ƙofa take.

A lokacin zaman lafiya ma iyaka tana da tsada. Ku ɗauki ayarin fatake da ya taso daga Kano da turkuɗi da kanwa zai nufi Nufe. Jagaba yana gaba yana duba hanya, madugu yana tsakiya, uban dawaki yana kula da na baya. In sun iso garin bakin iyaka da la'asar, ba za su sauke kaya ba sai madugu ya shiga ya gai da sarkin gari, ya miƙa gaisuwa, an ƙidaya jakuna da takarkarai an yanka musu abin da za su biya. Sannan a nuna musu zango, matan gari su fito da fura da tuwo da dafaffen wake, samari su kawo ciyawa da itace su sayar. Gobe in sun kai kogi su biya kuɗin fito. Kowane sarki da suka ratsa ƙasarsa yana da rabonsa, kuma duk wannan a kan kuɗin zanen yake komawa. Amma ku lura, abin da madugu yake kuka da shi, shi ne abincin sarkin garin da matan da ke sayar da fura.

To, da a ce wani Sarkin Kano ya yi abin da Manuwel ya yi, ya ɗauko ɗan Sarkin Zazzau ya aura masa 'yarsa ya ce shi ne magaji, har sarautun biyu suka haɗu a hannun mutum ɗaya, me zai biyo baya?

Na farko, hanya ɗaya ke nan daga bakin hamada har zuwa Nufe a ƙarƙashin sarki ɗaya, kuma fatake sukan bi inda tsaro ya fi, biya ya fi sauƙi. Katsina, wadda ta yi ta yaƙi da Kano tun zamanin Rumfa har Sarkin Kano Kutumbi ya rasa ransa a dalilin yaƙinta a 1648, kafin malamai su shiga tsakani a yi sulhu a zamanin Shekarau, za ta sami abokin gaba a gabas da kudu lokaci guda. Kwararrafa, waɗanda suka taso daga kudu maso gabas suka addabi Kano a zamanin Muhammadu Zaki, suka dawo a zamanin Kukuna, suka shiga birnin a zamanin Dadi wajen 1671, da sun tarar da dawakin ƙasa biyu suna jiran su. Yankinmu kuwa zai tashi daga bakin iyaka ya koma tsakiyar ƙasa, inda runduna ba ta cika zuwa ba.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma ba daidai ba ne mu ɓoye shi. Ƙarfin sarakunan wancan zamani a kan bayi ya dogara. Tarihin Kano ya ce Kanajeji yana aika wa Sarkin Kwararrafa dawaki ana ba shi bayi, ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, Galadima Dawuda ya yi ta kai hari kudu har ya kafa garuruwa 21 da mutanen da ya kamo. In dawakin Kano suka haɗu da hanyoyin Zazzau, al'ummomin da ke kudu da Zariya su za su biya kuɗin haɗin da 'ya'yansu. Jikokinsu maƙwabtanmu ne a Jihar Kaduna a yau, muna kasuwa ɗaya da makaranta ɗaya da su, kuma duk lissafin riba da ya manta da su lissafi ne na zalunci. Haka kuma talakan iyaka yana da wata kariya da na tsakiyar ƙasa ba shi da ita. In hakimi ya matsa masa da haraji ko aikin gayya, yakan kwashe iyalinsa da dare ya ƙetara ƙasar wani sarki, kuma sanin haka yakan sa mai mulki ya sassauta. In sarki ɗaya ne a ko'ina, ina za a gudu? Sa'annan Barno, wadda ta daɗe tana ɗaukar kanta uwar ɗakin ƙasashen Hausa, ba za ta so ganin wani babba ya taso a yammacinta ba.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe a wannan darasi. Matsalolin da suka tare Rum da Hangari yawancinsu babu su a nan. Kano da Zazzau harshe ɗaya, sarakunansu Musulmi tun zamanin Rumfa na Kano da Muhammadu Rabo na Zazzau, tsakanin biranen biyu kuma tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙafa. Duk da haka ba su haɗu ba. Abin da ya rage, wanda yake nan a can kuma yake nan a gida, shi ne maganar gado da maganar masu sarauta. A ƙasar Hausa sarauta ta wajen uba ake gadonta, suruki ba ya gado, ɗan mace ma da wuya. Sarki kuma ba ya naɗa kansa. Rumfa ya kafa majalisar Tara ta Kano, a Zazzau ta Haɓe akwai Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu. In an haɗe, a ina sarki zai zauna? Galadiman wa zai zama babba? Madawakin wa zai ja runduna? Kowane ɗaya daga cikinsu yana da garuruwan da yake ci, da barori, da 'ya'yan da yake so su gaje shi. Haɗin da zai amfani falke da manomi shi ne zai rage wa waɗannan daraja, kuma su ne masu zaɓen sarki.

Ba wai sarakunan ba su san amfanin aure a siyasa ba ne. An ce Abdullahi Burja shi ya fara auren 'ya'yan Sarkin Dutse da Sarkin Shira da Sarkin Rano. Amma waɗannan ƙanana ne a kan Kano, aure yana ɗaure ƙarami ga babba. Rano, wadda take cikin Hausa Bakwai, a ƙarshe cikin Kano ta narke. Tsakanin tsara da tsara ne abin ya gagara.

Ranar da aka bukaci juna

A 1807 masu jihadi suka karya Sarkin Kano Muhammadu Alwali a Ɗanyaya. Ya bar birninsa ya nufi Zariya. Tarihin Kano ya ce ya gargaɗi Zazzagawa cewa abin da ya fitar da shi zai iya fitar da su. Bai sami rundunar da zai koma da ita ba, ya juya ya sauka a Burum-Burum, a kudancin ƙasar Kano, ba nisa da iyakar Ikara, a can aka cim masa aka kashe shi. A ƙarshen 1808, ko da yake wasu littattafai suna cewa 1804, Malam Musa Bamalle da Yamusa suka shiga Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba. Ƙanensa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja.

Abin lura shi ne haɗin da sarakunan Haɓe suka kasa yi cikin ɗaruruwan shekaru ya tabbata cikin 'yan shekaru kaɗan, amma ta wata hanya dabam. Daular Sakkwato ba ta ce mutum ɗaya ya zama Sarkin Kano da Zazzau ba. Ta bar wa kowane birni sarkinsa da fadarsa da hakimansa, ta ɗora Sarkin Musulmi a sama, Wazirin Sakkwato yana kula da al'amuran biranen biyu. Abin da ya ɗaure su mubaya'a ce da shari'a ɗaya, ba auren 'yar sarki ba, don haka haihuwar wani yaro a wata fada ba za ta warware shi ba. A Zazzau ma sarautar sai ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Sakkwato kan tabbatar da naɗi, takan kuma tuɓe, kamar yadda aka yi wa Sidi Abdulƙadir da Sambo.

Yaƙi tsakanin Kano da Zazzau ya tsaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasa irin tamu. Audugar arewacin Zazzau ta riƙa tafiya masaƙun Kano da marinar Kura, kuma Baturen nan Barth da ya ziyarci Kano a 1851 ya yi mamakin nisan da tufafin Kano suke kaiwa. Sai dai abin da muka yi tsoro a sama shi ma ya tabbata, domin harin bayi a kudu bai ragu ba a ƙarni na 19, rinjoji suka yawaita. Tsaron haɗin gwiwa kuma bai kai yadda ake zato ba. Ningawa sun yi shekaru suna kai hari kudancin Kano da gabashin Zazzau, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su, amma yawanci kowane sarki da kansa yake kare ƙasarsa. Daga 1893 zuwa 1895 Kano ta faɗa Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, a kan maganar gado.

Da Turawa suka zo, Zariya tana fama da hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda shi kansa jinin gidan Shehu ne. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa, suka shigo a 1902 suka kafa bariki, ba a daɗe ba suka kawar da shi kansa. Ƙofar kudu ta Kano ta buɗe ke nan. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Molan ya tashi daga Zariya da sojojin da ba su kai 1000 ba, ban da 'yan dako, ya ratsa arewacin ƙasar Zazzau, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Aliyu Babba yana can ya tafi Sakkwato. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ma ta faɗi.

Tambayoyi da aikin gida

1. Me ya sa Manuwel ya ɗauki Bela zuwa Kustantiniyya a 1163, kuma me ya faru a 1169 da ya rushe shirin?

2. Kawo abu biyu da Kano take samu daga Zazzau, da abu biyu da Zazzau take samu ta hanyar Kano.

3. Ku kasu gida uku a aji: fatake, masu sarauta, da manoman bakin iyaka. Kowane rukuni ya faɗi ko zai goyi bayan haɗa Kano da Zazzau a zamanin Rumfa, da dalilinsa. Sannan ku duka ku faɗi abin da mutumin da ke zaune kudu da Zariya zai ce.

4. Ta wace hanya tsarin Sakkwato ya bambanta da shirin Manuwel?

5. Ka sami dattijo ko dattijuwa a garinku ka tambaya ko garin ya taɓa yin ganuwa, ina ƙofofinta suke, kuma ina fatake suke sauka. Ka zana abin da aka gaya maka a takarda, ka rubuta sunayen wuraren da hannunka, ka zo da shi aji mako mai zuwa.